Igiya Mai Ƙulli Ashirin da Huɗu

Safiyar Talata ce. Agogon hannuna ya nuna shida saura kwata lokacin da Inna ta sauke shayi. Wajibi ne in faɗa tun yanzu cewa agogon yana gaba da minti huɗu. Na gwada shi da rediyo daga baya. Duk sa'ar da zan ambata a nan tasa ce, ban gyara ba. Mai buƙata ya cire huɗun da kansa.

Mu uku ne a tsakar gida: Inna, da yayana Haruna, da ni. Mahaifinmu ya rasu tun ina makarantar firamare, Yaya ne ya riƙe gidan, shi ne kuma ya riƙe karatuna har na gama jami'a a fannin duwatsu da ma'adinai. Kisrar jiya, wainar dawa mai faɗi irin ta Sudan, muka ci da sauran miyar kuɓewa. Yaya ya gama, ya wanke hannu, ya ɗauko igiyarsa daga jikin turken rumfa, ya bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe kamar yadda yake yi kullum.

"Muhandis," ya ce da ni, wato injiniya da Larabci, "ƙullinka na goma sha ɗaya ya fara sakewa. Shekara huɗu a jami'a, ɗaurin tsumma ya gagare ka."

Na ƙara ɗaure shi. Inna ta ce mu bar surutu, rana na yi.

Sai na yi bayanin igiyar nan, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba.

Garinmu Hillar Dabo ne, ƙauyen Hausawa a kudu maso gabashin Sudan. Kakanninmu suka kafa shi a hanyarsu ta zuwa hajji da ƙafa. Guzuri ya ƙare, suka tsaya noma, ba su ƙarasa ba. Dawa da riɗi muke nomawa. Shekara huɗu kafin wannan safiya wani makiyayi ya tsinci dutse mai ƙyalli a wurin da muke kira Kwari, yamma da gari. Kafin damina ta zagayo, rabin gonakinmu sun koma ramuka. Rijiya muke kiran ramin zinariya, ko da ba ruwa a ciki.

Aikin rijiya yana da doka ɗaya da ba a rubuta ba. Rijiyar ta mai rijiya ce. Guduma, da guga, da abinci, duk nasa ne. Igiya kuwa ta mai sauka ce. Shi ke sayenta, shi ke ɗaure ta a gungumen da aka gitta a bakin rami, kuma ba mai kwance ta muddin yana ƙasa. Wanda yake son sanin su wa ke cikin ƙasa, igiyoyi yake dubawa. Mata masu kai abincin rana da igiya suke gane ramin mazajensu. Muna cewa: ɗa yana sauka da igiyarsa.

Ta Yaya ta fita daban. Da na dawo daga jami'a ba aiki, sai na ɗaura mata jan ƙyalle a kowace mita, don in riƙa auna zurfi. Ƙyallen daga wani tsohon mayafin Inna na yanka. Ƙulli ashirin da huɗu ne. Rijiyar da yake aiki a lokacin mita ashirin da biyu ce.

A shekara ta biyu kamfani ya zo. Ba zan ambaci sunansa ba, domin suna uku na ji ana kiransa da su, ban kuma tabbatar da na gaskiyar ba. Sun zo da takarda mai hatimi wadda ba wanda aka bari ya karanta, da motoci masu buɗaɗɗen baya waɗanda kowa ya iya karantawa. Suka karɓe Kwari. Ba su ɗauki ma'aikata daga cikinmu ba. A hanyar kan iyaka suke tsare matafiya marasa takardu, su kawo su, su zura su rijiya da igiyar kamfani, sannan su janye igiyar. Da safe buhun dutse ya hau, abinci ya sauka. Da yamma haka. Mutum ba ya hawa sai an ga dama.

Ba bayi suke kiransu ba. Baƙi suke cewa. Baƙin kamfani.

Shekara biyu garinmu yana gardama a kan wannan kalma. Liman ya faɗa a huɗuba cewa duk wanda ba zai iya fita ba sa'ad da yake so, bawa ne, ko da sunan me aka kira shi. Wasu suka ce ai ana ciyar da su. Masu faɗin haka su ne masu sayar wa kamfani albasa da ruwa. Sauran jama'a suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da harkarsu. Kwari ba ta da nisa. In iska ta juyo da rana tsaka ana jin kira daga can. Mutanenmu suka koyi ƙara murya in suna hira.

Sai aka sami zinariya a Tudu, gabas da gari, tafiyar kilomita biyu. Jijiyar zinariyar da ke cikin dutsen ta fi ta Kwari kauri. Ni na auna ta. Nan take tambayar ta sauya: Tudu za ta zama ta igiya a ƙasa, ko ta igiya a sama? A mako guda kowa ya tuna da addininsa.

Aka kira taro bayan sallar Juma'a a rumfar masallaci. Alhaji Tanimu ne ya jagoranta. Shi ne mai rijiya shida a Tudu, da injin niƙa dutse, da manyan motoci biyu, kuma a rijiyarsa Yaya yake aiki. Ni aka ba alƙalami, saboda ni ne mai digiri. Don haka na san abin da aka faɗa kafin rantsuwa. An ce wanda ba ya ba masu haƙa kasonsu zai haƙa goma kafin mu haƙa ɗaya, kuma in aka bar shi ya sa ƙafa a Tudu, zai haɗiye mu. Wannan shi ne dalilin. Alhaji ya dafa takardata ya ce kada in rubuta wannan ɓangaren. Abin da aka ce in rubuta shi ne: mu jikokin mahajjata ne, ba za a yi bauta a ƙasarmu ba. Aka kawo Alƙur'ani. Masu rijiya goma sha uku suka dafa, ɗaya bayan ɗaya, cewa ba za a janye igiya a Tudu ba muddin akwai rai a ƙasa. Alhaji Tanimu ne ya fara dafawa. Ya yi hawaye. Na gani.

Mutum ɗaya ne ya tashi da tambaya. Yaya ne.

"To waɗanda ke ƙasa yanzu a Kwari fa, Alhaji?"

 Wani daga baya ya ce, "Innarka ce ta haife su?" Aka yi dariya. Alhaji ya ce a shafa fatiha.

An aika wa kamfani takardar. Kwana goma sha tara bayan haka ne Talatar da nake ba da labari.

Ƙarfe shida da minti arba'in Yaya ya ɗaura igiyarsa a gungume. Su uku ne a rijiyar: shi, da Bala ɗan maƙwabcinmu, da wani mutumin Chadi da muke kira Abakar Dogo. Su biyun sabbi ne, ba su sayi tasu ba tukuna, da ta Yaya suke sauka. Ya sauka a ƙarshe. Na ga hularsa ta wuce ƙulli na uku, sannan duhu ya rufe ta. Daga ƙasa ya girgiza igiyar sau ɗaya, alamar ya isa. Na ɗauki ƙarafunan sara guda biyar da suka dakushe, na nufi maƙera a kasuwa.

Akwai abubuwa biyu da na auna tun kafin ranar, don aikina, ba don wannan rubutu ba. Na farko: mutum mai ƙarfi yana hawowa daga mita ashirin da biyu cikin minti shida zuwa bakwai, yana taka ramukan ƙafa da aka sassaƙa a bango. Mutum uku, ɗaya bayan ɗaya, minti ashirin. Na biyu: a ƙasan rijiyar akwai lungu da suka haƙa a kwance, yana bin jijiya. Wanda ke cikin lungun ba ya jin komai daga sama. Ko tsawa ba ya ji. Igiya ce kaɗai ke magana da shi.

Kasuwa tana bakin gari ta yamma, inda hanyar Kwari ta shigo. Ƙarfe tara da minti goma sha biyu na ji ƙarar farko. Na ɗauka kwanon rufi ne ya faɗo daga mota. Malam Audu maƙeri bai ko ɗaga kai ba. Ta biyu ta biyo, a jere, mai nauyi, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Jakuna suka fara tsinke tala.

Motoci biyar na ƙirga, masu buɗaɗɗen baya irin na kamfani. Wataƙila akwai wasu a bayan ƙura. A kan ta gaba akwai babbar bindiga da lasifika. Da Larabci ake ihu: "Ku fita! Ku fita! Wanda ya tsaya ya sani!" Suka harbi gangunan man dizal da ke jere a bakin hanya. Wuta ta kama rumfunan. Malam Audu ya miƙe da awartaki a hannu, ina jin ya manta yana riƙe da shi. Ya faɗi a kan zugazuginsa. Tara da kwata.

Gawa biyu na gani da idona a ranar: shi, da wata mai sayar da shayi da ban san sunanta ba. Na ji ana ambaton adadi mai yawa. Ban musa ba. Ban gani ba.

Na bi ta lungun bayan masallaci. Tara da minti ashirin da biyar na isa gida. Inna tana tsaye a tsakar gida da muciya a hannu. Gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa. Ba ta iya gudu, da ƙyar take tafiya. Na ɗauki takardunmu daga ƙarƙashin katifa. Na goya ta. Ba ta ce komai ba sai "Haruna." Na ce can za mu.

Niyyata ita ce in ajiye ta a bakin gari ta gabas, wurin da hanyar Tudu ta haɗu da hanyar arewa, in ruga in girgiza igiyar. Harbin yana bayanmu, yana matsowa gida gida. Hanya ta cika. Kowa ya yi ta kansa. Na ga mutum ya ɗauki keken ɗinki ya bar mahaifinsa yana bin bango da sanda. Na san mutumin, yana cikin waɗanda suka dafa Alƙur'ani.

Goma saura minti biyar muka isa mahaɗar. A daidai lokacin babbar motar Alhaji Tanimu ta gangaro daga Tudu, an lafta mata kaya har sama, an rufe da tamfol, mutane suna maƙale a kai. Alhaji yana gaba, kansa a waje ta taga.

"Alhaji! Yaya Haruna fa?"

"Duk sun fito! Suna motar baya! Hau, hau!"

"Ka gan shi?"

"Na ce ka hau! Miƙo tsohuwar!"

Hannuwa suka karɓi Inna. Na bi ta. Na tambaya sau biyu, ya amsa sau ɗaya. Wannan na lura da shi a lokacin, na kuma hau.

Muka ɗauki hanyar arewa. Hayaƙin garin ya tsaya a bayanmu kamar ginshiƙi har kusan awa guda, sannan tudu ya tare shi.  Wata mata tana ta maimaita sunan wani. Na zaunar da Inna ta jingina da kayan, ni kuma na tsaya a gefenta ina riƙe da igiyar da aka ɗaure tamfol da ita, don hanyar duk gargada ce. Idona yana baya, ina neman motar ta biyu.

Sha ɗaya da minti ashirin motar ta faɗa wani rami, hannuna ya zame a kan igiyar, ya tsaya a kan wani abu. Ƙulli ne. Na duba. Jan ƙyalle. Na bi da ido. Mita ɗaya gaba, wani. Mita ɗaya, wani. Na sa yatsa a kan wanda ke hannuna. Ɗaurinsa sabo ne, ya fi sauran tsauri. Na goma sha ɗaya ne. Ni na ɗaure shi da safe.

Na ɗaga gefen tamfol. Janareto ne a ƙasa, da kan injin niƙa, da firji.

Na bubbuga rufin mazaunin direba da tafin hannu har fata ta fashe. Na yi ihu a tsaya. Wani ya kama rigata ya ce in zauna ko a jefar da ni. Motar ba ta rage gudu ba.

Sha biyu da minti biyar tayoyin baya suka nutse a yashin wani busasshen rafi. Aka ce maza su sauka. Na zagaya wurin Alhaji. Ya fito yana gyara rawani.

"Wannan igiyar Yaya ce."

"Igiya ai igiya ce."

"Yana ƙasa aka janye ta?"

Bai kalle ni ba. Ya ɗaga murya ga jama'a: "Ku tura! Yalla, ku tura!"

Muna nan motar ta biyu ta iso. Na bi fuskokin da ke kanta ɗaya ɗaya, sau biyu. Ba Yaya. Ba Bala. Ba Abakar Dogo. Nata kayan ma da igiyoyin rijiya aka ɗaure su. Na gane biyu.

Minti goma sha huɗu muka yi a rafin. Tsakaninmu da Tudu a lokacin, bisa gudun motar, kimanin kilomita sittin ne. Ba ruwa a hannuna. Inna tana saman mota, ba ta iya sauka da kanta. Ina jera waɗannan ne domin su ne abin da ya kasance, ba domin su wanke ni ba. Na sa kafaɗata a jikin motar tare da sauran. Na tura. Ta fita. Na hau, na sake riƙe igiyar, domin ba wani abin riƙewa.

Da la'asar sakaliya muka isa wani gari mai ofishin 'yan sanda. Aka sauke kaya don a gyara taya. Na warware igiyar a ƙasa na ƙirga. Ashirin da huɗu. Ba a yanke ta ba. Kan da ake ɗaurawa a gungume yana nan da lanƙwasarsa. Kwance shi aka yi, a natse, da yatsu. Na shiga ofishin na faɗi abin da na sani. Jami'in ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi ko ina da takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Na nuna. Ya juya ta gaba da baya, ya ce wurin ba a yankinsa yake ba. Da na fito, yaran Alhaji sun mayar da igiyar kan firjin.

Sauran abin da na sani game da safiyar Tudu, ji na yi, ba gani ba. Amma daga bakin wanda ya yi aikin na ji. Usmanu, mai lodin motar Alhaji, ya same ni a birnin Gadarif, inda muka yada zango, bayan mako biyu, ya faɗa mini ba tare da na tambaye shi ba. Da suka ji harbi daga gari, Alhaji ya ce a loda injuna. Igiyar mota ba ta isa ba. Ya nuna rijiyoyin da ke kusa. Usmanu ya ce masa akwai mutane a ƙasa. Alhaji ya ce za a dawo musu da yamma in ƙura ta lafa. Rijiya huɗu aka kwance. Ba a girgiza ko ɗaya ba kafin a ja. Alhaji ya hana, don kada wani ya kama hawa ya ɓata lokaci.

Lodin ya ɗauke su fiye da rabin awa, in ji Usmanu. Mutum uku suna hawowa cikin minti ashirin. Na ba da lissafin a sama. Mai karatu ya haɗa da kansa.

Har zuwa lokacin da motocinmu suka bar Tudu, ko mutum ɗaya na kamfani bai taka wurin ba.

Wata goma sha ɗaya muka yi a Gadarif, a ɗakin wata 'yar'uwar Inna. Sau biyu na yi yunƙurin komawa. Sau biyu aka mayar da ni daga shingen hanya. Sannan babban yaƙin ya ɓarke a Khartoum, ya bazu. Ƙasa duka ta zama abin da garinmu ya zama a safiya ɗaya, kuma ba wanda ya sake samun kunnen sauraron labarin rijiya huɗu. Masu bindigar da suka yi ƙiba da zinariya suka juya wa juna. Mutanen birni suka yi mamaki. Mu ba mu yi ba.

Muka gangara Bur Sudan, bakin teku. Muka jira jirgin ruwa. Kawu Isa, ƙanin Inna, tela ne a Madina shekara talatin. Shi ya yi ta faɗi tashi har takardunmu suka fito. Tafiyar da kakanninmu suka fara da ƙafa, mu muka ƙarasa ta, da jaka ɗaya.

Yanzu muna Madina, a unguwar Harra ta Gabas, a ɗaki biyu a saman shagon Kawu. Ina aiki a wani wurin tsintar dabino, ina raba nau'in ajwa da nau'in safawi. Unguwar a kan baƙin dutse aka gina ta, irin wanda wuta ta amayar tun zamanin da. Na san dutsen nan daga littafi. Ba zinariya a cikinsa. Wannan yana cikin abubuwan da nake gode wa Allah a kai.

A shekararmu ta farko a nan wani tsoho daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da namu ya zo umra. Na neme shi a masaukinsa. Ya ce a rana ta huɗu mutanen kamfani suka hau Tudu. Suka zura igiyarsu a rijiyoyin da suka ji motsi. Wasu sun fito da rai. Daga nesa ya hango, yana kiwo. Bai ga fuska ba, bai ƙirga ba. An ba su ruwa. Sannan aka mayar da su ƙasa, aka janye igiyar. Na tambaye shi wace rijiya da wace. Ya ce, ɗana, daga inda nake duk rami ɗaya ne.

Alhaji Tanimu ma yana Madina. Ya riga mu isowa. Yana da gida a unguwar Ranuna da shagon turare da sunan wani. Kowace Juma'a bayan la'asar yana buɗe majalisa, ana zuba gahawa, mutanenmu na Sudan da Nijar da Kano suna cika falon. Labarin Hillar Dabo ne abin ci. Yana ba da shi da kyau. Yadda azzalumai suka zo da bauta. Yadda dattawa goma sha uku suka dafa Alƙur'ani. Yadda aka ƙone gari saboda ya ƙi sunkuyawa. A daidai wurin rantsuwar muryarsa tana rawa, kowane mako, a kalma ɗaya. Samarin da aka haifa a nan, masu jin Hausa suna amsawa da Larabci, sukan ce, "Ma sha Allah, ya ammi." Har wani ɗalibi ya ɗauki muryarsa a waya don ya rubuta tarihi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya zalla yake yi ba. An yi rantsuwar. An ƙone garin. Takardar da ake yabo, rubutun hannuna ce.

Sau ɗaya na je. Kawu ne ya matsa, wai zumunci. Na zauna a bakin ƙofa har ya kai ƙarshe, aka yi salati. Sannan na ce, da muryar da kowa zai ji:

"To waɗanda ke ƙasa fa, Alhaji?"

Ya gane ni. Ya gane tambayar ma.  Ya miƙa hannu ya ɗauki dabino.

"Halas, ya waladi. Abin da ya wuce ya wuce. Allah ya jiƙan yayanka, jarumi ne. Ku ba Muhandis gahawa."

Aka miƙo mini. Wani dattijo a gefena ya raɗa mini cewa nan garin Manzo ne, ba a tone-tone. Kawu ya ja hannun rigata. A hanyar gida bai yi mini faɗa ba; ya ce kawai iƙamata, takardar izinin zamana, a hannun abokin Alhaji take, in riƙa tunawa. Ina tunawa. Shi ya sa na sauya sunaye a wannan rubutu, har da na garin. Sa'o'i da tsawo da adadi ban taɓa su ba.

Shekara biyu ban gaya wa Inna zancen igiyar ba. Na bar ta a kan cewa Yaya bai samu mota ba. Ranar da na dawo daga Ranuna na same ta a bakin taga tana tsince shinkafa, na zauna na fara, ina zaɓen kalmomi. Ban kai rabi ba ta tsayar da ni.

"Mayafina ne, Idrisu. Tun da aka ɗora ni a motar na gan shi. A kansa na jingina."

Na ce me ya sa ba ta yi magana ba.

"Da na faɗa, da ka sauka."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba mu sake tayar da zancen ba.

Ga abin da zan iya tsayawa a kansa. Rijiya huɗu. Mutum goma sha ɗaya a cikinsu, bisa faɗin Usmanu. Na san sunan tara. Biyun baƙin haure ne da suka zo neman aiki a makon. Ba wanda ya tambaye su suna. Daga cikin taran akwai Bala, da Abakar Dogo, da Haruna ɗan Malam Sani, mai shekara talatin da huɗu, wanda bai yi aure ba saboda yana jira in gama karatu in samu aiki.

A watan jiya Kawu ya kai ni wurin limamin masallacin unguwarmu, don a yi wa Yaya sallar gawa daga nesa, Inna ta samu ta dangana. Limamin mutumin kirki ne. Ya saurara, ya ce ba matsala, bayan azahar za a yi. Sannan ya tambaye ni, don cika sharaɗi kawai, ko na tabbata ya rasu.

Na ce ban tabbata ba.